Yadda zaka gane girman sojan Najeriya daga kakinsa: igiya, anini, mikiya da takobi

Mutanenmu da yawa in sun ga soja a shingen bincike ko a gidan biki ko a hoto, abu ɗaya kawai suke gani, kaki. Kowa oga ne, in ma Allah ya sa yana da ɗan tumbi da furfura shikenan ya zama Janar. Har a shafukan labarai zaka ga an rubuta "Manjo wane" alhali mutumin Manjo Janar ne, wai don a taƙaita, kuma tsakanin Manjo da Manjo Janar akwai hawa huɗu da shekaru masu yawa na aiki da jarabawa da kwasa-kwasai. Kakin soja kamar allo ne, an rubuta komai a jiki, wanda bai iya karatun ba shi ne zai ga zane kawai. Toh ga yadda ake karatun, kuma ka bi shi a jere, domin in ka fara da ƙirga taurari kafin ka san wace runduna kake kallo zaka kwafsa.

Mataki na farko: wace runduna ce?

Rundunonin tsaron Najeriya uku ne kamar yadda sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, sojan ƙasa, sojan ruwa da sojan sama. Na ƙasa su ne tsofaffi, asalinsu tun 1863 ne lokacin da wani Bature mai suna Glover ya haɗa wata ƴar runduna ta Hausawa a Legas, daga baya aka yi ta faɗaɗawa har ta zama rundunar Turawan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, kuma shekara da shekaru da Hausa ake magana a bariki, shi ya sa muke da kofur da saje da samanja da kurtu a bakinmu kamar tun fil azal namu ne. Sojan ruwa an kafa su a 1956, na sama kuma a 1964.

A kayan ofis ko na fareti ganewa ba wuya. Kore na ƙasa ne, fari fat ko baƙi-baƙi mai shuɗi na ruwa ne, shuɗi mai haske na sama ne. Matsalar tana zuwa ne a bakin daga, domin a Maiduguri ko Zamfara ko hanyar Birnin Gwari duk kaki mai dabbare-dabbare suke sawa. A nan sai ka duba ƙirji, gefe ɗaya sunan mutum ne, ɗaya gefen sunan rundunarsa. Ka duba hula ma, tambarin sojan ƙasa yana da mikiya a sama da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci da ke cewa nasara daga Allah take, na sojan ruwa kuma zaka ga ƙugiyar nan da ake tsayar da jirgin ruwa da ita.

Kuma ka tabbata soja ne ma tukuna. Ƴan sanda, kwastan, jami'an shige da fice, sibil difens, duk suna sa taurari a kafaɗa, amma tsarinsu daban ne kuma sunayensu daban.

Mataki na biyu: ina alamar take, a hannu ko a kafaɗa?

Wannan shi ne babban rabo a gidan soja, kuma wanda ya gane shi ya gama rabin aikin. Sojoji kashi biyu ne. Akwai hafsoshi, wato waɗanda shugaban ƙasa ya ba takardar naɗi da ake kira kwamishin, su alamarsu a kafaɗa take. Akwai kuma sauran sojoji, daga farabiti har zuwa samanja, su tasu bisa al'ada a hannun riga take, igiya a dantse, alamar samanja kuma can ƙasa wajen wuyan hannu. A wasu kayan daga na zamani ana maƙala alamar a wani ɗan ƙyalle a ƙirji ko a kafaɗa ko da mutum ba hafsa ba ne, toh a nan siffar alamar ce zata faɗa maka, igiya ce ko anini, wato tauraro.

Ƙofar shiga ma daban ce. Wanda zai zama ƙaramin sojan ƙasa yawanci Dafo ɗin Zariya yake zuwa, wadda take nan tun 1924, ya sha horo na kusan wata shida a matsayin kurtu, ya fito farabiti. Na ruwa Onne suke zuwa a jihar Ribas, na sama kuma Kaduna. Wanda zai zama hafsa kuwa NDA ce, makarantar horar da hafsoshi a Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, ɗan sojan ƙasa yayi shekara biyar a ciki ya fito da digiri da anini ɗaya. Akwai kuma gajeren kwas na masu digiri, likitoci, lauyoyi, injiniyoyi, malamai, limamai da fastoci, su ƴan watanni suke yi a ba su kwamishin. Sannan akwai ƙofa ta uku wadda mutane ba su cika sani ba, tsohon soja da ya daɗe yana aiki a ƙasa zai iya samun kwamishin ya haura ya zama hafsa, shi ya sa wani lokaci zaka ga dattijo da furfura amma Laftanar ne ko Kyaftin, kar ka ɗauka an hana shi girma ne, ta dogon zango ya biyo.

Abin da zai baka mamaki in baka saba ba, yaro ɗan shekara 23 da ya fito NDA jiya da anini ɗaya, a tsarin doka yana gaba da samanjan da ya yi shekara talatin yana aiki, wanda ya isa ya haife shi, kuma samanjan ne zai ƙame ya sara masa. Ba yaron ake sara wa ba, kwamishin ɗin da ke kafaɗarsa ake sara wa. Amma duk ƙaramin hafsa mai hankali ya san inda zai tsaya, domin samanja shi ya san bariki ciki da bai, in ka raina shi kai zaka sha wahala.

Mataki na uku: ƙirga igiya

Wannan mu Hausawa mun fi kowa sanin sa. Farabiti hannunsa fayau ba komai. Igiya ɗaya las kofur. Igiya biyu kofur. Igiya uku saje. Igiya uku da mikiya a samansu sitaf saje. Daga nan an gama da igiya, sai a shiga ajin warant ofisa, waɗanda mu muke tarawa mu kira samanja, su ma hawa uku ne, warant ofisa, masta warant ofisa, sai ami warant ofisa wanda shi ne ƙololuwar wanda ba hafsa ba. A wuyan hannunsu zaka ga mikiya ko tambarin Najeriya mai dawaki biyu, in ka ga tambarin ƙasa ɗin nan ka san ka haɗu da babba.

Ka tsaya a kowane shinge a hanyar Kaduna zuwa Zariya ka lura na minti biyu kawai. Wanda ke tsaye cikin rana yana ɗaga wa motoci hannu yawanci hannun rigarsa ba komai ko igiya ɗaya ce. Wanda ke bayan buhunan yashi kusa da babbar bindiga ƙila igiya biyu. Wanda kuma ke zaune a inuwa kan benci da rediyon oba-oba a hannu, wanda in magana ta yi tsami ake cewa direba "je ka ga oga", duba dantsensa, sau tari igiya uku ce. In kana da ƙorafi ko bayani wurinsa zaka nufa cikin ladabi, ba wurin yaron da ke kan titi ba, shi umarni aka ba shi kuma ba shi da ikon canzawa.

RSM da kake ji ana faɗa, wato samanjan bataliya, ba girma ba ne, kujera ce. Ana ɗauko babban warant ofisa a ɗora shi a kai, shi ne uban ladabtarwa, shi ke riƙe da sandar nan a hammata, shi ke tsara fareti, kuma shi ne kunnen kwamanda a cikin ƙananan sojoji. Ba a sara masa kamar hafsa amma wallahi a bariki an fi tsoron muryarsa fiye da ta wasu masu anini.

Mataki na huɗu: kafaɗar hafsan sojan ƙasa

Abu uku kacal ake juyawa a nan, tauraro wanda muke kira anini (sunan ɗan ƙaramin kuɗin nan mai huda na zamanin Turawa), da mikiya, da takobi da sanda a gicciye. In ka riƙe yadda suke haɗuwa ka gama.

Anini zalla, ƙananan hafsoshi kenan. Ɗaya Sakan Laftanar, biyu Laftanar, uku Kyaftin.

Da mikiya ta sauka a kafaɗa an shiga manyan hafsoshi. Mikiya ita kaɗai Manjo. Mikiya da anini ɗaya Laftanar Kanar. Mikiya da anini biyu Kanar. Mikiya da anini uku, an jera su kamar murhu, Birgediya Janar. Tsofaffi har yanzu Birgediya kawai suke cewa domin a da haka sunan yake ba Janar a jiki, kamar Birgediya Zakariya Maimalari da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, wanda barikin Maiduguri ke ɗauke da sunansa.

Sai takobi da sanda. Mikiya da takobi da sanda ba anini, Manjo Janar. A ƙara anini ɗaya, Laftanar Janar. A ƙara na biyu, cikakken Janar. Akwai Fil Mashal a takarda can sama da kowa amma ba a taɓa ba wani ɗan Najeriya ba.

Wuri biyu ne mutane ke faɗawa rami a nan. Na farko, tunda Manjo ya fi Laftanar sai a ɗauka Manjo Janar ma ya fi Laftanar Janar. A'a, a wajen janarori abin juyawa yake, Laftanar Janar ne a sama, shi ke bin cikakken Janar. Na biyu, maganar "Janar mai tauraro kaza" da ake yi a labarai ba aninin kafaɗa ake ƙirgawa ba. Birgediya Janar anini uku ne a kafaɗarsa amma shi ne mai tauraro ɗaya. Manjo Janar ba shi da anini ko ɗaya a kafaɗa amma mai tauraro biyu ne. Laftanar Janar tauraro uku, cikakken Janar huɗu. Waɗannan taurarin a jikin mota zaka gan su, wani ɗan allo ja a gaba da baya in sojan ƙasa ne, kuma in mai motar baya ciki direba rufe allon yake yi da jaka, saboda kar sojojin bakin get su yi ta sara wa kujera ba kowa.

Wata alama mai sauƙi daga nesa, jan ƙyalle a kwalar riga. Daga Kanar zuwa sama ne ke sa shi, a bariki har laƙabi ake musu da masu jan wuya. In ka ga hoton taro ka rasa waye babba, fara ware masu jan kwala, sannan a cikinsu ka nemi mai takobi.

Don ka gane nauyin tauraro huɗu, ka tuna Muhammadu Buhari da ya mulki ƙasar nan a kaki daga ƙarshen 1983 zuwa 1985 Manjo Janar ne, a haka ya bar aiki, duk da kowa Janar yake ce masa. Aguiyi Ironsi ma Manjo Janar ne. T.Y. Danjuma Laftanar Janar. Waɗanda suka kai cikakken Janar ba su da yawa, irin su Gowon, Murtala, Obasanjo, Babangida, Domkat Bali, Abacha, Abdulsalami, sai kuma manyan hafsoshin tsaro na bayan 1999 irin su Martin Luther Agwai da Lucky Irabor da Christopher Musa. Murtala kansa Birgediya ne lokacin da ya karɓi mulki a Yulin 1975, a farkon 1976 ya zama Janar, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu. A ɓangaren mata kuma Aderonke Kale, likita, ita ce ta fara kaiwa Manjo Janar a 1994.

Mataki na biyar: sojan ruwa da na sama, inda suna ke yaudara

Su waɗannan ba anini suke ƙirgawa ba, layi ne. Sojan ruwa layukan zinare ne a bakin hannun kwat ko a kan allon kafaɗa, na saman yana da ɗan lanƙwasa kamar zobe. Layi ɗaya Sab Laftanar, biyu Laftanar, biyu da siriri a tsakiya Laftanar Kwamanda, uku Kwamanda, huɗu Kyaftin. Daga nan sai layi ɗaya mai faɗi, Komodo. Mai faɗi da ɗaya a kai Riya Admiral, da biyu Bayis Admiral, da uku cikakken Admiral.

Sojan sama lissafin iri ɗaya ne sai dai kalar layin da sunayen. Siriri ɗaya Failot Ofisa, cikakke ɗaya Filayin Ofisa, biyu Filait Laftanar, biyu da siriri Sukwadiron Lida, uku Wing Kwamanda, huɗu Gurup Kyaftin, mai faɗi Eya Komodo, sai Eya Bayis Mashal, Eya Mashal, Eya Cif Mashal. Kuma sunan Failot Ofisa ko Filayin Ofisa ba yana nufin mutum na tuƙa jirgi ba, akawu ma a rundunar da wannan sunan zai fara, matuƙi na gaske fuka-fuki zaka gani a ƙirjinsa.

Yanzu ga inda ake tafka kuskure. Kyaftin na ƙasa mai anini uku ƙaramin hafsa ne, bai kai Manjo ba. Kyaftin na ruwa mai layi huɗu daidai yake da Kanar. Gurup Kyaftin na sama shi ma Kanar ne. Wato in ka haɗa Kyaftin ɗin ƙasa da Kyaftin ɗin ruwa a ɗaki ɗaya, na ƙasan ne zai miƙe ya ƙame, tazarar hawa uku ce tsakaninsu. Shi ya sa a zamanin mulkin soja jaridu ke rubuta Nebi Kyaftin don a bambance, kamar Nebi Kyaftin Emmanuel Acholonu da ya riƙe Katsina zamanin Abacha, ko Gurup Kyaftin Ishaya Shekari da ya yi gwamnan Kano daga 1978 zuwa 1979 bayan Kanar Sani Bello. Duk sa'o'in juna ne a girma, Kanar-Kanar ne da sunaye daban. Haka Laftanar na ruwa, shi daidai yake da Kyaftin na ƙasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka haddace ta layi. Layi biyu Kyaftin ne na ƙasa. Biyu da rabi Manjo. Uku Laftanar Kanar. Huɗu Kanar. Mai faɗi Birgediya. Daga nan Riya Admiral da Eya Bayis Mashal su ne Manjo Janar, Bayis Admiral da Eya Mashal su ne Laftanar Janar, Admiral da Eya Cif Mashal su ne cikakken Janar. Masu tauraro huɗu a waɗannan rundunoni biyu sun fi ƙaranci ma, a ruwa akwai Augustus Aikhomu da Ibrahim Ogohi da Ola Ibrahim, a sama Paul Dike ne ya fara a 2008, sai Oluseyi Petinrin da Alex Badeh.

Ƙananan sojojin sama kusan sunayensu ɗaya da na ƙasa, las kofur, kofur, saje, sai dai maimakon sitaf saje su filait saje suke cewa. Na ruwa su siman ake kiransu, odinari siman, ebul siman, lidin siman, sai feti ofisa, kafin a kai ga warant ofisa.

Mataki na shida: girma daban, kujera daban

Girma shi ne abin da ke kafaɗa, mutum da shi yake yawo duk inda aka kai shi. Kujera kuma aikin da aka ba shi ne yau, gobe ana iya ɗauke shi. GOC (kwamandan dibishin), kwamanda, RSM, babban hafsan sojan ƙasa, kakakin runduna, duk kujeru ne. Amma kowace kujera tana da girman da ya saba zama a kanta, kuma in ka san wannan ko baka ga hoto ba daga jin labari zaka iya cankar girman mutum.

Ƙaramin rukuni na mutum goma ko kusa da haka kofur ke ja. Filatun, wajen mutum talatin, Laftanar ne da saje a bayansa. Kamfani, mutum ɗari da wani abu, Manjo ko Kyaftin. Bataliya, mutum ɗaruruwa, Laftanar Kanar, kuma shi ake kira CO. Birged, wadda ta haɗa bataliyoyi, Birgediya Janar, kamar Birged ta 3 da ke barikin Bukavu a Kano ko ta 17 a Katsina. Dibishin kuma, wadda ta haɗa birged-birged, Manjo Janar ne, shi ne GOC, ta 1 a Kaduna, ta 2 Ibadan, ta 3 Jos, ta 6 Fatakwal, ta 7 Maiduguri, ta 8 Sakkwato, ta 81 Legas, ta 82 Inugu. Shugabannin rundunoni ukun masu tauraro uku ne, irin su Laftanar Janar Tukur Buratai da Eya Mashal Sadique Abubakar daga 2015 zuwa 2021, ko Bayis Admiral Awwal Gambo da ya zo bayan nan. Babban hafsan tsaro da ke samansu shi ne mai tauraro huɗu. Can sama da kowa kuma farar hula ne, shugaban ƙasa, shi ne babban kwamandan askarawa ko da bai taɓa sa kaki ba.

In girma ya zo ɗaya sai a koma ga waye ya riga wani, kuma a nan ne zaka ji ana maganar kwas, wane ɗan kwas na 35 ne a NDA, wane ɗan na 37. Abin ba wasa ba ne. Lokacin da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya rasu a haɗarin jirgi a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021, aka ɗauko Faruk Yahaya, Manjo Janar ɗan kwas na 37, aka ba shi kujerar, sai maganar ritayar janarorin da ke gabansa ta taso nan take, domin a al'adar soja babba baya zama ya sara wa ƙaninsa. Duk lokacin da ka ji an naɗa sababbin shugabannin soja sannan bayan ƴan kwanaki ka ji janarori da yawa sun ajiye aiki, dalilin kenan, ba wai lallai sun yi laifi ba.

Zamanin mulkin soja ne aka fi karya wannan tsarin. Gowon Laftanar Kanar ne a 1966 lokacin da ya zama shugaban ƙasa, ga Birgediya Ogundipe a gabansa. Shehu Musa Ƴar'aduwa daga Laftanar Kanar aka tsallakar da shi zuwa Birgediya a 1976 don ya zama na biyu ga Obasanjo. A ganina wannan tsallaken na cikin abin da ya ɓata ladabi a gidan soja na tsawon lokaci, kuma gara yadda ake yi yanzu, ka ci jarabawar ƙarin girma, ka je kwalejin hafsoshi ta Jaji kwas na ƙanana kana Kyaftin, ka koma na manya kana Manjo, in ka kai Kanar ka nemi Kwalejin Tsaro ta Abuja ko cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru, majalisar rundunarka ta zauna ta amince, sannan a kira ka da matarka a liƙa maka sabon girma, oga na riƙe da kafaɗa ɗaya ita tana riƙe da ɗaya.

Mataki na bakwai: abin da ba girma ba, da sojan gona

Ƙananan ƙyallaye masu kala-kala da ke jere a ƙirji ta hagu ba girma ba ne, lambobin yabo ne da shaidar inda mutum ya yi aiki, Laberiya, Saliyo, Darfur, Arewa maso Gabas. Tsohon saje zai iya fin Manjo yawansu. Igiyar da ke zagaye kafaɗa ta shiga aljihu, da kalar hula, da tambarin da ke dantse, su kuma sashe ko dibishin suke nunawa, misali jar hula da farin bel ƴan sandan soja ne. Haruffan da ake jerawa bayan suna su ma haka, psc na nufin ya gama Jaji, fdc Kwalejin Tsaro, mni Kuru, su FSS da MSS da DSS kuma lambobin daɗewa a aiki ne.

Sanin wannan duka yana da amfani wajen kama sojan gona, kuma sun yi yawa yanzu, musamman masu damfarar ƴan mata a Facebook da masu karɓar kuɗi wai za su sa yaro a Dafo ko NDA. Irin su ba su iya haɗa kaya ba. Zaka ga igiyar saje a hannu da anini a kafaɗa lokaci ɗaya, ko jan kwala a wuyan mai anini uku, ko yaro ɗan shekara 28 ya ce maka shi Kanar ne. Tambaye shi lambar aikinsa da kwas ɗinsa da bataliyarsa. Lambar hafsan sojan ƙasa da N take farawa sai ƴar sanda sai lambobi, ta ƙaramin soja kuma tana farawa da shekarar da aka ɗauke shi sai NA. Sojan gaske cikin barci ma zai karanto maka tasa, na gona sai ya fara kame-kame ko ya hau faɗa. Sa kakin soja ga wanda ba soja ba laifi ne a doka, kuma shiga aikin soja ba a sayar da shi, duk wanda ya ce ka turo kuɗi ɓarawo ne ko da kakinsa na gaske ne.

Ƴan uwa na Nijar, ku lura wannan lissafin duk na Najeriya ne wanda aka gada daga Ingila. Naku na Faransa ne, hafsoshi layi suke sawa, wanda mu muke kira Manjo ku Kwamandan kuke ce masa, kuma ƙaramin Janar a can da tauraro biyu yake farawa ba ɗaya ba, don haka kar a ɗauki ƙirgen nan a kai Maraɗi ko Damagaram.

Wajen kira kuma, in gaba da gaba ne kuma baka tabbatar ba, "ranka ya daɗe" ko "yallaɓai" ta wadatar, ba wanda zai ji haushi. A baki ana ce wa Laftanar Kanar "Kanar", ana ce wa duk mai tauraro "Janar", wannan ba laifi. Amma in rubutu zaka yi, katin gayyata ne ko labari ko takardar ta'aziyya, rubuta girman cikakke, Birgediya Janar ko Manjo Janar ko Eya Bayis Mashal, ka sa Nebi a gaban Kyaftin in na ruwa ne, in kuma ya bar aiki ka ƙara "mai ritaya" bayan sunan.